Ƙamshin Aro a Randar Goggo Rong

Ranar da aka manna takardar hukuma a ƙofar Goggo Rong, kowa a Layin Maniƙa sai ya tuna yana da aiki a bakin ƙofarsa. Mai shara ta fito tana sharar inda ta riga ta share, mai keke ya durƙusa yana duba tayar da babu abin da ya same ta. Takardu biyu ne dogaye aka gicciya a kan ƙyauren, kowace da jan hatimi, kuma a garinmu na Gaoliu ko wanda bai iya karatu ba ya san fassararsu: an kama algus.

Ma'aikatan duba abinci ne suka shigo kasuwa gab da bikin cikar farin wata, kamar yadda suka saba, suka ɗiba daga man riɗin sabuwar kaka. Na gida uku ya wuce lafiya. Da aka zo kan na Goggo Rong sai na'ura ta ɗau kuka. Wai akwai garin ƙamshi a ciki, farin garin nan mai ƙamshin ƙonannen sukari da macuta kan zuba wa man waken soya don ya yi wa hanci ƙaryar shi na riɗi ne.

Goggo Rong fa! Matar da dutsen niƙanta ya girmi kowane dutse a layin, wadda in riɗi ya ɗan wuce wuta sai ta watsa wa kaji. Amma kun san mutane. Kafin rana ta take, masu cewa "ba za ta aikata ba" sun koma cewa "ai ruwa ba ya tsami banza."

Gida huɗu ne ke niƙa a layin, tambarinsu ɗaya, dokarsu ɗaya: wanda aka kama da algus, a kankare sunan gidansa daga allon da ke bakin layi, dutsensa kuma ya koma hannun wani. Sunan da ke can saman allon na marigayi mijin Goggo Rong ne. Aka sa zaman kankarewa ranar jajiberin biki.

To, a nan Dou Lanying ta shigo maganar.

Ita ofishin gunduma kan turo in zare ya cukurkuɗe. Gajeriyar mace ce, ta ba hamsin baya, kullum da jakar yadi a kafaɗa da takalmin roba kamar mai zuwa gona. Kakanta mai bin sawun shanun sata ne, ita kuma ta gaji idon amma ta canza daji. Abin dariyar, ba ta jin ƙamshi ko kaɗan. Wata muguwar mura ce ta tafi da hancinta shekarun baya, ba ta dawo da shi ba. Mutane kan ce, "Ga mai farautar ƙamshi nan, ba hanci." Ita kuwa sai ta daki jakarta ta ce, "Na ajiye hanci, na ɗau harshe."

Harsunan suna cikin jakar. 'Yan siraran tsinkaye ne irin na gwajin ciwon suga, an shafa wa bakinsu wata baƙar tawada ta ƙurar gawayi da ta zinariya, ƙurar da in an tsaga gashi gida dubu, tsagi ɗaya ya fi ƙwayarta kauri. Lanying na cikin waɗanda suka dama tawadar nan a jami'a tun tana da sauran hanci, don haka ta san halinta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. A girgiza ɗigon mai da ruwan gwaji, a ɗiga a bakin harshen, a soka shi a wani ɗan akwati da ke manne da waya. 'Yar wuta ta ratsa, zare ya miƙe a fuskar wayar. In man na gaskiya ne, zaren ya tafi a shimfiɗe. In akwai baƙo a ciki, sai ya yi tozo. In tozon ya haye jan layi, na'ura ta yi kuka.

Ta sami Goggo Rong a tsakar gida ta baya, zaune a kan kifaffen kwando, hannuwa a cinya.

"Goggo, kin ci abinci?"

"Na ci kunya, ta ƙosar da ni." Tsohuwar ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke ce uwar harsunan? Ƙannenki sun gama da ni, me kuma ya rage?"

"Su kwalba suka tambaya. Ni gidan zan tambaya."

Ta fara daga buhun riɗi. Zare ya tafi a shimfiɗe. Ta gwada ruwan tukunyar da ake kwara wa niƙaƙƙen riɗi don mai ya taso, shi ma haka. Ta tsuguna a bakin ramin tunkuza ta daɗe, don in ana cikin aiki aka zuba garin, dole tunkuza ta sha rabonta. Babu komai. Kwalaben da ba a cika ba, babu komai. Sai da ta zo kan babbar randar da ake kwantar da mai, nan zaren ya yi tozo, na'ura ta tsala kuka har kajin gidan suka watse.

"An gama mai tsaf, yana kwance a randa, sannan baƙon ya shigo," in ji Lanying. "Wa ke taɓa randar nan?"

"Ni."

"Sai wa?"

"Sai ni. Ga mabuɗin ɗakin a ƙuguna. Ko wanka zan shiga, tare muke shiga."

"Goggo, kin san amsar nan igiya ce kike ɗaura wa wuyanki?"

"Na sani, 'yar nan. In ƙaƙaba wa wani don in sha iska? Ban iya ba."

Maganar ta shiga Lanying, amma ba ta bar ta ta zauna ba. Ta sha ganin tsofaffi masu fuskar gaskiya da buhun gari a ƙarƙashin gado. Don haka ta nemi izini, ta leƙa ƙarƙashin gadon ma. Takalman marigayi kawai ta gani, a jere.

Tana fitowa Miao ya tare ta. Shi ne mai gida na uku, ƙato, muryarsa kamar ana mirgina ganga, kuma ko raɗa zai yi sai an ji a bakin kasuwa.

"Malama Dou, kar ki kashe takalminki a banza. Je ki gidan burodin Huo, mijin 'yarta. Wa ya kai shi tara garin ƙamshi a garin nan? Tun bara yake so tsohuwar ta rufe ta bar masa shagon."

"Yaya Miao, da idonka ka gani?"

"Ni? Ina ruwana! Ji dai na yi."

"Wa ya faɗa maka?"

"Gari."

Huo siriri ne, fulawa har a gira, yana ta fama da wainar bikin wata. Yana ganin jakar yadin ya ajiye faranti.

"Miao ne ya turo ki, ko? Mutumin da tun damina ba ya gaishe da Inna saboda rigimar kwata! Shi ba ki tambaye shi ba?"

"Layinsa na zuwa. Ina garin ƙamshinka?"

Ya ɗauko gwangwanin ya dangwarar. Ta ɗiba da bakin tsinke ta gwada. Zaren ya yi tozo sosai, amma can wajen ƙarshe, ba a inda na randar Goggo ya tashi ba. Kowane ƙamshi da inda yake yin tozonsa, kamar yadda sawun akuya ba ya zama na tunkiya. Na Huo na kek ne. Ba shi ba ne.

"Gaskiya ne kana so ta rufe?"

"Gwiwarta ta ƙare, Malama. Na ce ta huta, ta ce in je in huta da burodina. Amma in sa a kankare sunan surukina? Matata a murhun nan za ta gasa ni, ta sayar." Ya rage murya. "Ki duba Miao. Ki duba Fei ma, yarinyar nan da ke sayar da mai ta waya. Wa ya san abin da ke cikin kwalba in ta bar gari?"

Haka layin ya koma. Kowa da yatsansa, kuma babu yatsan da ke nuna mai shi.

Da Lanying ta ce za ta gwada randar Miao, sai da rufin kwano ya amsa.

"Nawa ya wuce a kasuwa! A gaban kowa ya wuce!"

"To me zai ci ka in ya sake wucewa?"

Ya buɗe murfin yana huci. Ta ɗiga, ta soka. Na'ura ba ta yi kuka ba, amma ita ba kukan take jira ba, zaren take kallo. Ga shi nan kuwa: ɗan tozo, bai kai jan layi ba, amma a daidai inda na Goggo ya tashi. Ta juya masa wayar. Ƙaton nan ya nemi bango ya jingina, muryar gangar ta koma ta sauro.

"Na rantse da kabarin ubana, ban san shi ba."

A ranta ta ce, biri ya yi kama da mutum. Mai rigimar kwata, mai saurin nuna wani, ga kuma sawu a gidansa. Saura kaɗan ta kira ofis. Amma kakanta kan ce kar ka ɗaure mutum sai ka zagaye garken, don haka ta wuce gida na huɗu.

Fei na tsaye gaban waya tana ɗaga kwalba tana yi wa mutanen birni murmushi. Tana hango jakar yadin murmushin ya daskare, ta kife wayar.

"Haba Yaya Dou, ai sai ki yi gyaran murya! Kin san mutum nawa ke kallona?"

"Yanzu dai ni kaɗai ce. Buɗe randa."

Nan ma tozo, a wuri ɗaya, sai dai ya fi na Miao ƙanƙanta, kamar ƙurji a bayan hannu. Fei ta leƙa ta ja baya.

"Anya ba harsunan naki ne suka fara gigin tsufa ba? Kowa suka lasa sai su ce ɓarawo?"

"Za mu gani a gidan Baffa Tan."

Baffa Tan shi ne mai gida na biyu, shi ne kuma shugaban ƙungiyar maniƙan layin. Dattijo mai sanyin murya, wanda ko kare ya shiga gabansa sai ya ba shi hanya. Shi da marigayi mijin Goggo Rong sun yi rantsuwar 'yan'uwantaka tun suna samari, shi ya sa har yau "matar yaya" yake ce mata. Gidansa fes, daɓe na sheƙi, har bangon an wanke.

"Biki ya zo, sai tsafta," in ji shi, yana zuba mata shayi da hannu biyu. "Malama Dou, tun da abin nan ya faru ban runtsa ba. Jiya ma na kai wa matar yaya 'ya'yan itace, na ce ta yi haƙuri. Tsufa ne. Mutum kan ga ciniki na ja da baya, zuciya ta raya masa abin da bai dace ba."

"Kana ganin ita ce ke nan, Baffa?"

"Ni ban ce ba. Na'urarku ce ta ce." Ya yi ajiyar zuciya. "In ya zama dole, ni zan karɓi dutsen. Gara ya zo gidan ƙanin mai shi da ya faɗa hannun Miao."

Da kansa ya buɗe mata randar. Zaren ya tafi a shimfiɗe kamar tabarma. Ta sake, haka. Harsunan dai lafiyarsu ƙalau.

Ta zauna a rumfar mai taliya, kwano na hucewa a gabanta, tana juya tsinken cin abinci. Gida uku da sawu, gida ɗaya fes. Su ukun ne suka haɗa kai? Miao da Goggo da ko gaisawa ba sa yi? Sai wani abu ya faɗo mata, har ta ajiye tsinken. Macuci in zai zuba garin ƙamshi, zubawa yake yi yadda hanci zai ji, don hanci yake son yaudara. Abin da ke randar Goggo kuwa ya isa ya sa na'ura kuka, amma bai isa ya ruɗi ko hancin jariri ba. Balle na Miao da na Fei. Wa zai sayar da mutuncinsa a kan abin da ba zai ƙara masa ko kwalba ɗaya ba?

Ashe ba kaya aka sauke a randunan nan ba. Wucewa aka yi, aka bar sawu.

Ta koma wurin Goggo Rong, ta sa ta buɗe ɗakin randar, ta tsaya tana bin bango da ido. A kan ƙusa ga wani ludayin gora mai dogon mariƙi, ya yi baƙi ƙirin, maiƙo ya daskare masa kamar kwalta. Ta miƙa hannu.

"Goggo, wannan ai ya kamata ya ga ruwan zafi."

"Kul!" Tsohuwar da ke jan gwiwa sai ga ta ta sha gabanta. "Ruwan zafi? Ke 'yar gidan wa ce? Ludayin gado ne! Uban mijina ya riƙe, mijina ya riƙe. Wanda ya wanke ludayi ya wanke arzikin gidansa. Ko a zagaye, da tsumma kawai ake shafa shi."

"Wane zagaye?"

"Zagayen sabon mai mana. In man kaka ya kwanta, sai mu huɗun mu bi gida-gida, kowa da ludayinsa. A tsoma, a ɗaga, a dubi zubarsa, a ɗanɗana, a yi wa mai gida barka."

Lanying ta janye hannunta daga ludayin. "Yaushe aka yi na bana?"

"Ana gobe ma'aikatanku za su zo."

"Goggo! Na tambaye ki wa ke taɓa randar nan, kika ce ke kaɗai!"

"To zagaye taɓawa ne? Gaisuwa ce."

Lanying ta rufe ido, ta buɗe. Ta tsuguna, ta ja layi huɗu da yatsa a ƙurar riɗin da ke daɓe.

"Daga ina ake farawa?"

"Daga dutsen da ya fi tsufa. Nan, sai gidan Tan, sai Miao, sai Fei."

"Kowane ludayi yana shiga kowace randa?"

"Ban da ta gidansa. Mai gida ba ya yabon man kansa. In an zo gidanka sai ka rataye naka, baƙi su ɗebo maka."

Lanying ta daɗe tana kallon layukan nan huɗu. Kakanta kan ce, sabon mai bin sawu inda ƙafa ta sauka yake dubawa, tsohon hannu kuwa inda ta tsallake. Ta share ƙurar da tafin hannu, ta miƙe, ta fita tsakiyar layi inda masu shara da masu gyaran keke ke nan ba su gama ba.

"Ku gaya wa masu gidajen nan," ta ce da ƙarfi, "gobe kowa ya zo zama da ludayin gidansa. Zan gwada su."

Goggo Rong ta jawo ta ta hannun riga. "Ke kuwa wace irin mafarauciya ce, mai kaɗa wa nama ganga? In ma akwai mai laifin, ai yanzu zai je ya wanke."

"Ke za ki iya wanke naki?"

Tsohuwar ta saki hannun rigar.

"In ya wanke, idon kowa zai gani. In bai wanke ba, harshe zai gani. Ya zaɓa," in ji Lanying.

Washegari da hantsi layin ya cika a gindin allon. An fito da tebur, an ajiye ƙarfen kankarewa a kai, an wasa bakinsa yana walƙiya. Goggo Rong na zaune a gefe, Huo da matarsa a bayanta. Miao na tsaye, kai a sunkuye, abin da ba a taɓa gani ba. Fei ta bar wayarta a gida. Baffa Tan ya miƙe ya fara da cewa yau rana ce mai nauyi a zuciyarsa.

"Baffa, a ɗan dakata da nauyin," in ji Lanying. "A ɗora ludayan."

Aka jera su. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Huɗu, duk baƙaƙe, babu wanda ya ga ruwa.

"Jama'a, ba wanda ya zuba wa Goggo gari a randa, ita ma ba ta zuba ba. Ludayi ne ya shigo da shi ranar zagaye. Gora tana shan abin da aka saba tsoma ta a ciki, in ta shiga sabon mai sai ta amayar. Kun taɓa ganin wanda ya taka taɓo ya shiga ɗaki? Takun farko ya fi baƙi, na biye ya rage, na bayansa da ƙyar a gani. A gidan Goggo aka fara, nan ya fi yawa. A gidan Yaya Miao ya ragu. A gidan Fei saura ƙiris."

"Kin tsallake gida na biyu," in ji Fei.

"Ba ni na tsallake ba. Sawun ne ya tsallake."

Can sai Miao ya ɗago kai a hankali, ya ce, kuma karon farko a rayuwarsa da ƙyar aka ji shi, "A gida na biyu ludayi ɗaya ne ke rataye."

Idanu suka juya. Baffa Tan ya yi murmushi irin na wanda yaro ya taka wa ƙafa.

"Wannan ai tatsuniya ce. Gidana ya fita fes, shi ne laifina?"

"Sai mu tambayi ludayan," in ji Lanying.

Da tsinken sakace ta ɗan kankaro maiƙon cikin kowanne. Na Fei, ɗan ƙurji. Na Miao, ɗan ƙurji. Na Goggo ya ɗan fi, tunda a randarta yake wuni. Da ta miƙa hannu ga na huɗu, sai Baffa Tan ya riga ta, ya rungume shi a ƙirji.

"Ba a kankarar ludayin gado."

"An kankari uku, Baffa, ba wanda ya mutu," in ji Huo.

Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Ya saki. Lanying ta girgiza, ta ɗiga, ta soka. Zaren bai tsaya yin tozo ba, miƙewa ya yi sama har ya fice daga fuskar wayar, na'ura kuwa ta dinga kuka kamar an taka wutsiyar mage.

"A randar matar yaya ya kwaso!" in ji Baffa Tan. "Ai duk mun tsoma a can!"

"Baffa, wanda ya ratsa kogi ba ya fin kogin jiƙa. Abin da ke cikin ludayin nan ya ninka na randarta ba iyaka."

Ya dubi Miao, Miao ya kau da kai. Ya dubi Fei, ta dubi ƙasa. Sai ya zauna a bakin teburin, maganar ta fara zubowa da kanta. Akwai wata rumfa da ya kama can bayan babban titi, inda yake haɗa man waken soya da garin ƙamshi yana kai wa gidajen abinci a birni ba tambari. Da ya ji ƙishin-ƙishin ma'aikata na tafe, ya kwashe gangunan, ya ƙone tufafin aikin, ya wanke gida har bango.

"To me ya kai ludayin gado cikin ƙazanta?" in ji Miao.

"Kayan da ludayin Baba bai taɓa ba, ba ya sayuwa," ya ce, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. Kuma kowa a wurin ya sani. "Kowace ganga sai na tsoma shi. Jiya na tafasa ruwa. Na riƙe shi a kan tururin. Ga gurbin yatsun Baba nan a mariƙin. Na kasa." Ya juya ga tsohuwar. "Matar yaya, ban nufe ki ba. Sai da aka manna takardar na gane abin da ya faru."

Goggo Rong ta dafa kafaɗar 'yarta ta miƙe. Ta tako har gaban teburin, ta ɗauki ƙarfen nan, ta gwada kaifinsa da babban yatsa.

"Ka gane, ka kawo min 'ya'yan itace," ta ce. "Tan, maiƙon ubanka ka kasa wankewa. Amma sunan yayanka, har ka wasa masa ƙarfe."

Ta ajiye ƙarfen a gabansa.

Sauran aikin na hukuma ne. Aka yi waya, aka ɓare takardun da ke ƙofar Goggo, aka tafi da sababbi gida na biyu. Amma Lanying ba ta rufe jakarta ba, tana ta juya maganar da ba ta son faɗa.

"Goggo, man randar nan dole a zubar. Kuma ludayinki ya sha. In ya koma cikin sabon mai a haka…"

"Na ji ki tun ba ki faɗa ba. Huo! Ruwan zafi, da toka."

Layin ya ɗau salati irin nasu, mata na dafe ƙirji. Miao ya ce, "Goggo, arzikin gidan fa?" Ta ce, "Kai dai gyara kwatarka." Ta zauna a kan kwandonta a gaban kowa, ta tsoma ludayin mijinta a ruwan, ta dinga dirza. Maiƙon hannun surukinta da na mijinta, waɗanda suka riga ta barin duniya, ya narke ya bi ruwa. Ba ta yi kuka ba, sai dai ta daɗe tana dirzar wuri ɗaya bayan ya fita. Da ta ɗago shi, gorar ta fito fara sol kamar yau aka sare ta.

Ta miƙa wa Lanying. "Tambayi harshenki."

Zaren ya tafi a shimfiɗe.

Lanying ta ɗauki ludayin Baffa Tan ta zura a leda don shaida, tana ɗaure bakin, sai ta ji an riƙe mata hannu. Hannun a jiƙe yake, da ɗumin ruwan.

"'Yar nan, in kun gama da shi a ofis, ya za ku yi da shi?"

"Ajiyewa ake yi, Goggo."

"To ku ajiye shi yadda yake. Kar wani mai tsafta ya wanke." Ta dubi baƙin mariƙin ta cikin ledar. "Na san tsohon, uban Tan. Shi bai cuci kowa ba."